Zawon da ya ƙi jin Flagyl: gyaran cima ne maganinsa ko sai an je asibiti?

Abban_Pantami:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masana lafiyar da ke cikinmu. Akwai cutar babban hanji da likitoci ke kira maikiroskofik kolaitis, mai sa zawo tsululu kamar ruwa wata da watanni, babu jini, a yi gwajin bayan gida ba a ga komai ba. Wasu na cewa in mutum ya gyara cimarsa kawai za ta tafi, ba sai an sha magani ba. Gaskiya ne? In haka ne, me za a ci, me za a bari a cimarmu ta Gombe da Bauchi? Duk jerin abincin da ake yaɗawa na Turawa ne, ba tuwo, ba fura, ba masa a ciki.

Likita_Bolari:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a je ga abinci, a fara tabbatar da cewa ita ce. Sunanta ma ya nuna halinta: in aka zura kyamara ta dubura aka leƙa babban hanji, sai a gan shi lafiya lau ko kusa da haka. Kumburin ba ya ganuwa sai an tsinko ɗan naman bangon hanjin an duba a madubin likita, wato maikiroskof. Iri biyu ce. A ɗaya, wani shimfiɗi da ke ƙarƙashin fatar hanji, mai suna kolajin, shi ke yin kauri ya wuce maikiromita 10. A ɗayar kuma fararen ƙwayoyin jini ne ke cunkushewa a fatar, su haura 20 cikin kowane ƙwayoyin fata 100. Alamominsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Wani likitan Suwidin mai suna Lindström ne ya fara bayyana mai kaurin nan a 1976.

Ta fi kama mata, musamman waɗanda suka haura 50. Abin da ke bambanta ta da rikicewar ciki ta yau da kullum shi ne tana tayar da mutum cikin dare, kuma in ta matsa ba ta jira a kai makewayi.

Amma a nan wajenmu, mai zawon da ya wuce mako 4, akwai abubuwan da suka fi ta yawa nesa ba kusa ba: jiyadiya da amiba daga ruwan sha, tsutsar ciki, tarin fuka na hanji, cuta mai karya garkuwar jiki, maƙoƙo mai yawan aiki, da metfomin na masu ciwon suga. Sai an kawar da waɗannan tukuna.

Game da tambayarka: abinci yana rage yawan zagayawa, amma babu wata cima da aka tabbatar tana warkar da kumburin kansa.

Mai_Lab_Azare:
Ƙari a kan maganar Likita. Wurin da ake yin kuskure shi ne wajen ɗaukar naman. Cutar ba ta mamaye hanji bai ɗaya ba, tsalli-tsalli take, kuma ta fi bayyana a ɓangaren dama. In aka tsaya a bakin dubura kawai aka tsinko guda ɗaya, ana iya cewa babu komai alhali tana nan. A ɗauka dama da hagu, a sa a kwalabe daban-daban, a rubuta a takardar cewa ita ake zargi. Wanda za a yi wa gwajin ya buɗe baki ya tambaya tun kafin a fara: za a ɗauki nama ko da hanjin ya yi kyau a ido? Likitocin ciki da hanji da masu duba naman, a manyan asibitocin koyarwa ake neman su, irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da na Tarayya a Gombe.

Famasis_Wunti:
Ni kam kafin tukunya, ledar magani zan fara zazzagewa. Magungunan da aka fi dangantawa da wannan cuta su ne dai waɗanda ake saye a kemis kamar gyaɗa. Na farko masu kashe ciwon jiki: daiklofenak, ibufurofen, asfirin da danginsu. Na biyu maganin olsa, omefirazol da lansofirazol. Na uku wasu magungunan damuwa irin su satralin. Ku duba yadda abin ke haɗuwa: dattijuwa mai ciwon gwiwa tana shan daiklofenak kullum, ya ƙona mata ciki, a ɗora ta a kan omefirazol, bayan wasu watanni zawo ya ɓarke, sai a ƙara mata Flagyl. Shan biyun nan tare ya fi shan ɗaya haɗari. Kuma haɗin nan na gajiya da ake ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar ba suna, da wuya a rasa daiklofenak ko ibufurofen a ciki.

Abin yi: a rubuta duk abin da ake sha da lokacin da aka fara shi, a kai wa likita. Ciwon jiki a koma farasitamol. Amma satralin ba a yanke shi rana ɗaya, haka asfirin ɗin da aka ba mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, kada ya bari da kansa.

Sarkin_Shayi_Herwagana:
To shayi fa? Don Allah kada ku ce shayi.

Maman_Hanifa:
Sarkin Shayi, sai haƙuri, shi ne a sahun gaba. Kafeyin yana zaburar da hanji, kuma yana cikin shayi, kofi, lemon kwalba baƙi, lemon ƙara kuzari, da goro. Goron nan shi ake mantawa. Tsohuwa za ta rantse ba ta shan shayi, alhali goro biyu take ci a wuni.

Malam Abban Pantami, ga yadda za a bi da cimarmu lokacin da zawon ke kan ganiyarsa. A ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 maimakon a cika ciki sau 3, domin cikar tumbi ita ke aika wa babban hanji saƙon ya motsa. Abin da ya fi zama: tuwon shinkafa mai laushi, farar shinkafa, faten dankalin Turawa, dafaffiyar doya, acca, koko da aka tace sosai ba yaji, ayaba, dafaffen ƙwai, kaza ko kifi a farfesu an kwashe man da ya taso, ba barkono. Tuwon masara ko na dawa ba laifi in an surfe an cire dusa, don dusar ce ke gaggauta hanji.

Abin da za a ɗaga wa ƙafa na ɗan lokaci: duk abin da ya yi iyo a mai, wato ƙosai, awara, fanke, soyayyen nama da tsire mai kitse. Sai wake da alala, ɗanyen kabeji da latas, kwaɗon rama da na zogale, albasa da tafarnuwa masu yawa, attaruhu, mangwaro, kankana, zuma, da cingam ko alawar da aka ce ba suga, don abin zaƙin da ke ciki, sobitol, shi kansa mai sa zawo ne. Kunun tsamiya ma a dakata, tsamiya tana sakin ciki.

Ɗan_Dukku:
Hajiya, in aka cire duk wannan me ya rage? Mutum zai rame ya zama kara, a ce cutar ce.

Maman_Hanifa:
Gaskiyarka, shi ya sa na ce na ɗan lokaci. Ba haramci ba ne, gwaji ne. A sami littafi a riƙa rubuta abin da aka ci, sau nawa aka zagaya, da ko ruwa ne ko da kauri. A janye abubuwan nan mako 2 zuwa 4. Daga nan a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a ba shi kwana 3 kafin a ƙara wani. Wanda ya tayar da ciki a ajiye shi, wanda bai yi komai ba ya koma kwano. Kuskure biyu ake yi: a dawo da abu uku rana ɗaya a kasa gane mai laifin, ko a tsorata a zauna a kan farar shinkafa wata shida har jini ya yi ƙasa. In an yi mako 4 ba wani sauyi, to ba abincin ba ne, a daina azabtar da kai.

Likita_Bolari:
Littafin nan na Hajiya yana da amfani ko a wajen likita. Ma'aunin da ake bi shi ne, in an ɗauki mako guda aka raba, mutum yana zagayawa ƙasa da sau 3 a rana, kuma na ruwa bai kai sau 1 a rana ba, to cutar ta lafa. In ya kai ko ya wuce haka, tana nan a tashe.

Inna_Wuro_Kumo:
Ban ga an ambaci nono ba. Kada dai a ce Bafulatani ya bar kindirmo, wannan ai sai a tashi taron.

Maman_Hanifa:
Inna, ba a isa ba! Batun madara batun sukarin cikinta ne, laktos. Kofi ɗaya na madara yana da kamar giram 12. Manya da yawa hanjinsu ba ya narkar da shi sosai, ko da yake Fulani makiyaya sun fi sauran mutane jure shi har tsufa. Nonon da ya yi tsami da kindirmo, ƙwayoyin da suka tsamar da su sun riga sun cinye wani kaso, don haka sun fi madarar gari da ta gwangwani sauƙi. A bar duka mako 2, sannan a fara da rabin kofin kindirmo. Abin tsoro a fura da nonon talla ba nonon ba ne, ruwan da aka dama da shi ne da ƙanƙarar da aka jefa. Hanjin da ke da kumburi in ya haɗu da jiyadiya, an koma gidan jiya.

Malam_Na_Jahun:
Ina da ja a kan cewa abinci ba ya warkarwa. An san mutanen da suka bar alkama zawon ya ɗauke ɗif. Wannan fa?

Likita_Bolari:
Allah ya gafarta Malam, akwai gaskiya a ciki, amma dalilin daban ne. Akwai wata cuta, siliyak, wadda garkuwar jiki ke far wa ƙaramin hanji in an ci alkama. Ita da wannan suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Wanda ke da siliyak, barin alkama shi ne maganinsa har ƙarshen rayuwa. Wanda ba shi da ita, babu hujjar cewa barin alkama zai warkar masa da kumburin babban hanji. Kuma a kula: gwajin jinin siliyak ana yin sa ne mutum yana kan cin alkama. In ya riga ya bari makonni, gwajin na iya fitowa lafiya a ruɗe. A yi gwaji tukuna, sannan a bari.

Gwaggon_Yara:
Ga wanda aka tabbatar wa siliyak, alkama ba burodi kaɗai ba ce. Taliya, indomi, alkubus, funkaso, fanke, cincin, biskit, alkaki, da tuwon semo duk ita ce. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya da dankali babu ruwansu. Sai a lura da injin niƙa na unguwa, in an niƙa alkama kafin naka. Ɗanwake ma wasu da fulawa suke yi.

Ɗan_Dukku:
Masar Bauchi fa? Ai shinkafa ce.

Gwaggon_Yara:
Shinkafa ce, amma wasu masu tuya suna barbaɗa fulawa a ƙullun don ya kama, sai an tambaya. Ga wanda ba shi da siliyak kuwa, matsalar masa man tanda ne da yajin ƙuli da ake bulbula mata. A gida, a shafa man kaɗan, a ci da romo marar yaji.

Famasis_Wunti:
Mu koma kan magani, don an yi nisa a kicin. Wanda aka fi tabbatar da aikinsa shi ne budesonid na haɗiya, miligiram 9 sau ɗaya da safe, mako 6 zuwa 8. Kusan mutum 8 cikin 10 zawon yana lafawa, da yawa cikin mako biyun farko. Dangin sitiroyid ne, wato magungunan da ke danne kumburi, amma a hanji yake aikinsa, kuma hanta tana lalata kusan kashi 90 cikin ɗari kafin ya zaga jiki. A haɗiye shi, kada a tauna, don rufin ƙwayoyin ne ke kai shi inda ake so. Ba na shaƙa na masu asma ba ne, kada a rikita.

Aibinsa biyu. Yana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi oda. Na biyu, in an daina, fiye da rabin mutane zawon yana dawowa. Irin waɗannan likita kan bar su a kan miligiram 3 zuwa 6 na watanni, a haɗa da kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi. Mai suga ya riƙa auna sukarinsa. Mai shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ke ɗauke da ritonabir, ko ketokonazol, lallai ya faɗa, domin suna hana hanta lalata shi sai ya taru a jini. Rifamfisin na tarin fuka kuma akasin haka yake, rage masa ƙarfi yake yi.

Nas_Fadaman_Mada:
Tunda yana da tsada, ba za a iya maye shi da firednisolon ba? Shi kam ko'ina akwai.

Likita_Bolari:
Sista, bai kai shi aiki ba a wannan cuta, zawon ya fi saurin dawowa bayansa, ga hawan jini, hawan suga, kumburin fuska da lalacewar ƙashi. Wani abu kuma da ya shafe mu: akwai tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa, sitironjiloidis, da kan zauna shekaru shiru. In aka ba mai ita sitiroyid mai ƙarfi tana iya bazuwa jiki duka har ta yi kisa. Haka tarin fuka na hanji, sitiroyid hura masa wuta yake yi. Shi ya sa ba a fara wannan layin da zato.

Famasis_Wunti:
Ga mai sauƙin alamomi, loferamid, wanda aka fi sani da Imodium, yakan wadatar. Ƙwaya ɗaya miligiram 2 ce, kada a wuce miligiram 16 a rana, wato ƙwaya 8. Dabarar ita ce a sha rabin awa kafin cin abinci, ko kafin kwanciya ga mai tashin dare, ba sai an riga an zagaya ba. Tsayar da hanji yake yi, ba ya taɓa kumburin. In akwai jini ko zazzaɓi ko ciki ya kumbura, a ajiye shi.

Sai kolestiramin, gari ne a 'yar leda, giram 4. Wasu masu cutar hanjinsu ba ya tsotse ruwan matsarmama, sai ya gangara babban hanji ya jawo ruwa. Alamarsa zawo rawaya mai zuwa da gaggawa bayan cin maiƙo, musamman ga wanda aka cire wa matsarmama. Garin yana kama ruwan, amma yana kama sauran magunguna ma. A sha su awa 1 kafin shi ko awa 4 zuwa 6 bayansa.

Malam_Na_Jahun:
Duk kun tafi na Bature. Bagaruwa, ganyen gwaiba, garin 'ya'yan kuka, hano, ba da su kakanninmu suka tsayar da zawo ba?

Maman_Hanifa:
Malam, ba a raina su ba, a dai sa kowanne a mazauninsa. Bagaruwa da ganyen gwaiba baurinsu ne ke ɗaure ciki. Za su iya rage ruwan na ɗan lokaci, amma wannan cuta ta watanni ce, kuma baurin nan yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, ga shi ba a san ma'auni ba. Kuka da kuɓewa suna da yauƙi mai riƙe ruwa ya kaurara bayan gida. Wasu yana yi musu daɗi, wasu ya cika su da iska. A gwada miyar kuka marar yaji, kanwa 'yar kaɗan, a duba littafi. Hano kuwa, ɗan'uwansa na Indiya an taɓa gwada ƙaronsa a wani ƙaramin bincike a Jamus, sakamakon bai kai a ɗora mutane a kai ba.

Wanda za a guje wa sam shi ne maganin basir da na wankin ciki da ake sayarwa a jarka a tasha. Galibi da filasko ko danginsa ake haɗawa, aikinsu ke nan su sa zawo. Mutum na zagayawa sau goma, a ce masa dattin ciki ne ke fita.

Nas_Fadaman_Mada:
Ba a yi maganar ruwa ba, kuma a zafin Maris da Afrilu shi ke kwantar da tsofaffi. Ledar gishiri da suga ta asibiti guda ɗaya a lita 1 ake zubawa, wato ledar fiya wata biyu ta santilita 50. In babu, a yi na gida: ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokalin na gishiri, a lita 1 na tafasasshen ruwan da ya huce. Bayan awa 24 a zubar a haɗa sabo. Kofi ɗaya bayan kowane zagaye, a kurɓa a hankali. Lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi ba sa maye gurbinsa, yawan sukarin ƙara jawo ruwa cikin hanji yake yi. Alamar ruwa ya yi ƙasa: fitsari kaɗan kuma ja, jiri in an miƙe, ɗaurewar jijiyar ƙafa. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari ko mai ciwon ƙoda ya tuntuɓi likita da wuri. Bayan tsarki a tsane wurin a shafa basilin, yana hana saɓulewa.

Sarkin_Shayi_Herwagana:
An hana shayi, an hana goro. Saura sigari ku ce.

Likita_Bolari:
Ita ce ma babba. Cikin duk abubuwan da mutum ke yi da hannunsa, shan taba ne aka fi tabbatar da alaƙarsa da cutar. Masu sha tana kama su da wuri, sama da shekara 10 kafin waɗanda ba sa sha. Abin kwantar da hankali ɗaya: ba a ga tana ƙara haɗarin kansar hanji ba. Amma jini a bayan gida, rama mai yawa, zazzaɓi ko ƙarancin jini ba halinta ba ne, a koma a sake bincike.

Abban_Pantami:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da na fahimta, a duba ledar magani, a gyara cima da littafi a hannu, a sha budesonid in ta ƙi. To azumi fa?

Famasis_Wunti:
Budesonid sau ɗaya ne a rana, da sahur ya yi daidai. Loferamid a sha kafin a fara cin abin buɗa baki mai nauyi.

Nas_Fadaman_Mada:
Ba shan maganin ne damuwar ba, Famasis. Mai zagayawa sau 6 ko 8 ba zai iya awa 13 zuwa 14 ba ruwa a zafin Gombe ba. In cutar na tashe, marar lafiya ne, ya tambayi likita da malami, ya rama daga baya. In ta lafa, to a kula da buɗa bakin: kunun tsamiya, ƙosai, kankana da dabino cike da faranti a lokaci guda, duk abin da Hajiya ta lissafa ne a tire ɗaya. Dabino ɗaya ko biyu, ruwa, koko, a yi Magariba, sannan a ci tuwo kaɗan.

Malam_Na_Jahun:
Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya bar daiklofenak da goro da taba ya samu sauƙi, ba budesonid ne ya warkar da shi ba.

Likita_Bolari:
Wannan ba mu saɓa ba Malam, akwai waɗanda janye maganin kaɗai ya ishe su, cutar ma takan lafa da kanta ta dawo. Inda muka rabu shi ne mako nawa za a jira mai tashi sau uku cikin dare kafin a ba shi magani.

Inna_Wuro_Kumo:
Hajiya Maman Hanifa, man shanu fa, yana cikin madara ne ko cikin maiƙo?